Tsawa Ta Faɗa wa Jirginmu a Hanyar Dawowa daga Makka

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe dawowarmu daga aikin Hajji a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin Zamfara ba ta daɗe da zama jiha ba. A tafiyar nan ce tsawa ta faɗa wa jirginmu muna can sama, washegari kuma muka iso gida muka tarar ana zaman makokinmu. Tun da nake ban taɓa yin dariya irin ta wannan tafiya ba, kuma har yau idan na tuna sai na kama cikina.

Mu uku muka tafi: ni, da mahaifiyata da muke kira Inna, da yayana wanda yake fataucin hatsi, shi ne ma ya biya mana kujerun. Ni ina aure a Gusau da 'ya'yana ƙanana, iyayenmu kuwa suna Bungudu. Baba bai bi mu ba, don ya sauke farali tun da daɗewa, ga shi kuma hawan jini ya sa shi gaba, abu kaɗan sai ya kwantar da shi.

Sai na faɗi yadda Inna take da tsawa kafin a gane sauran labarin. Tun ina yarinya aradu ta taɓa faɗa wa shanun noman Baba a gonarsa ta wajen Karakkai, suna fake a gindin ɗorawa. Bishiyar ta tsage gida biyu, shanun ko shurawa ba su yi ba. Daga ranar, da zarar hadari ya haɗo sai Inna ta kife madubi, ta tattara kwanonin ƙarfe ta tura ƙarƙashin gado, ta tara mu a ɗaki ta hana kowa magana. A wurinta, da ma wurin duk mutanen garinmu, abin da tsawa ta taɓa ya gama yawo.

Mun yi aikinmu lafiya, mun yi ziyara, ni da Inna har muka sa haƙorin Makka. Inna da ba ta cika dariya ba sai ga ta tana yi wa kowa murmushi, don dai a gani. Ranar dawowa muka hau jirgi a Jidda da niyyar sauka Sakkwato, inda maigidana da 'yan uwa suke jiranmu. Damina ta fara leƙowa a lokacin. Ina zaune kusa da taga, Inna a gefena, Yaya yana can gaba cikin maza.

Wajen la'asar aka ce kowa ya ɗaura bel, mun kusa. Na leƙa taga sai na ga hadari, amma ba irin wanda muke gani daga ƙasa ba. Wannan a gabanmu yake tsaye kamar dutsen Kwatarkwashi, baƙi ƙirin, walƙiya tana wasa a cikinsa. Na yi maza na ja murfin tagar don kada Inna ta gani. Jirgi ya fara rawa, ya yi ƙasa ya yi sama kamar mota a kan gargada. Hira ta ɗauke, aka koma salati.

Sai wani haske fari fat ya cika jirgin, har ta gefen murfin tagar da na rufe. Tare da shi aka ji wata ƙara, kamar an maka wa ƙofar ƙarfe guduma daidai kunnena. Fitilu suka ɗauke suka dawo. Wani wari ya taso kamar an ƙyasta ashana. Daga nan sai tsit. Jirgi cike da mutane, amma ba ka jin komai sai gurnanin inji.

Inna ta damƙe hannuna, idonta a rufe gam. Can sai ta ce, a hankali, kamar mai tambayar farashin gishiri, "Ɗiyata, mun mutu?"

Na ce, "Ba mu mutu ba, Inna."

Ta ce, "Ke dai duba da kyau."

Ban san daga inda dariyar ta fito ba. Hawaye yana zuba, amma dariya ta ƙwace mini. Na toshe baki da mayafi, ta fito ta hanci. Inna ta buɗe ido ɗaya, ta ga bakina a wangale, sai ta kai hannu ta rufe shi da ƙarfi. Ta ce, "Rufe bakinki. Haƙorin nan ƙarfe ne, shi za ta biyo." Ita ma ta ja mayafi ta naɗe nata bakin tam. Wata hajiya da ke bayanmu ta ji, ita ma ta rufe nata. Kafin ka ce me, layinmu gaba ɗaya mata sun dafe baki, ido zuru-zuru. Wannan ya ƙarasa ni. Na kife kai a cinya ina shessheƙa, wata tsohuwa tana bubbuga bayana tana ba ni haƙuri, ta ɗauka kuka nake.

Yanzu da na girma na gane cewa tsoro ne ya rasa hanyar fita ya biyo ta nan. A lokacin dai ji nake kamar an zuba mini wani abu a jini, kaina ya yi sakayau, komai na gani dariya yake ba ni.

Matuƙin jirgin ya yi magana da Turanci, wani ma'aikacinsu Bahaushe ya fassara mana. Ya ce tsawa ce ta same mu, kuma kowa ya kwantar da hankalinsa. Jikin jirgi ƙarfe ne, an ƙera shi yadda idan ta faɗo za ta bi ta bayansa ta wuce, ba ta shigowa inda mutane suke. Ta shiga ta wajen hanci ta fita ta wutsiya. Injuna lafiya lau. Sai dai hadarin da ke kan Sakkwato ya yi ƙarfi, don haka za mu juya mu sauka Kano, a duba jirgin a can.

Inna ta sassauta mayafi kaɗan ta ce, "Ta shiga ta fita? Ba ta ɗauki kowa ba?" Na ce haka ya ce. Ta ce, "To wagga ba irin tamu ba ce."

Da ƙafar jirgi ta taɓa ƙasa a Kano aka ɗauki kabbara, wasu dattawa suna rungumar mutanen da ba su sani ba. Muna saukowa daga matattakala muka ga ma'aikata sun kafa tsani a wajen wutsiya suna dubawa. Yaya, wanda ba ya iya ganin abu bai tambaya ba, ya matsa ya roƙi ɗaya daga cikinsu ya nuna masa inda ta taɓa. Mutumin ya nuna masa, shi kuma ya yafito mu. Wasu 'yan ɗige-ɗige ne baƙaƙe a jikin fentin, kamar inda tartsatsin wuta ya faɗa wa zane, sai wani ɗan siririn tsinke a ƙarshen wutsiyar da bakinsa ya ƙone. Shi ke nan. Duk ƙarar nan, duk hasken nan.

Inna ta daɗe tana kallo, kamar ma ranta ya ɗan ɓaci. Ta ce, "Iyakar ɓarnar ke nan?" Yaya ya ce iyakarta ke nan, kuma an ce da an gama dubawa gobe za a ƙarasa da mu Sakkwato. Inna ta gyara jakarta a kafaɗa ta ce, "A ƙarasa da ku. Ni da wanga jirgi har abada. Yanzu ta san shi."

Babu irin lallashin da Yaya bai yi ba. Ya ce an ce jirage da yawa tsawa tana samunsu su ci gaba da aiki. Ta ce Allah ya ba su sa'a. A ƙarshe ya nemi jami'in alhazanmu ya yi masa bayani, ya damƙa wa wani abokinsa amanar manyan jakunkunanmu, muka yanke shawarar bin mota. Ya je ya gwada buga waya wani shago a Gusau inda ake karɓa mana saƙo, layin ya ƙi shiga. Lokacin ba wayar hannu. Muka ce ba komai, ai waɗanda ke Sakkwato an gaya musu mun sauka Kano. Muka kwana da wannan tunanin, hankali kwance.

Da sassafe Yaya ya yi mana shatar mota. Ina jin ban taɓa jin daɗin hanya irin na ranar ba. An yi ruwa, ƙasa tana ƙamshi, manoma sun fito shuka. Duk ramin da mota ta faɗa sai Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, ƙasa." Yaya ya riƙa kwaikwayon yadda wani alhaji kusa da shi ya cusa kai cikin malafarsa lokacin da abin ya faru. Direba ya yi dariya har sai da ya rage gudu. Muka ci tsire a Funtuwa da rana tsaka, abin da Inna ba ta taɓa yarda ta yi a bakin hanya ba.

Da muka iso Tsafe sai Inna ta ce a tsaya gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, mu sha ruwa mu yi salla. Tun daga ƙofar gida na ga takalma da yawa. Na ce a raina ko suna ake. Inna ta shige gaba da sallamarta, cikin atamfar alhazai, haƙori yana walƙiya.

Mata ne cike da tsakar gida, an yi jugum. Gwaggo tana tsaye da ƙullin kaya a hannu, idonta ya kumbura, da alama fita za ta yi. Babu wanda ya amsa sallamar. Wata mata da ke kusa da ƙofa ta miƙe a hankali, ta bi jikin bango, ta shige ɗaki ta turo ƙyaure. Ƙullin Gwaggo ya faɗi.

Inna ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

Gwaggo ta ce, "Ku."

Na zauna daɓas a kan turmi. Gwaggo ta matso tana salati, ta miƙa yatsa ta taɓa kumatun Inna, ta ja kunnenta, ta kama hannunta ta juya. Sai ta rushe da kuka ta rungume ta, suka zube tare a kan tabarma. Matan da suka zo gaisuwa suka ruɗe, wasu na kuka, wasu na guɗa, wadda ta shige ɗaki tana leƙe ta kafar ƙyaure ta ƙi fitowa. Ni kuwa dariyar jiya ta dawo sabuwa.

Da ƙyar Gwaggo ta iya ba mu labari. Ashe a filin jirgin Sakkwato an yi sanarwa cewa jirginmu ya shiga hadari, tsawa ta same shi, ba zai sauka ba. Ana ruwa, lasifika tana ƙara, mutane suna hayaniya. Wani direba ɗan garinmu ya ji "haɗari", ya ji "tsawa", ya ji "ba zai sauka ba". Bai tsaya jin ƙarshen zancen ba ya ja motarsa yana kuka sai Bungudu. A Bungudu kuwa wa zai tambayi abin da ya rage bayan tsawa ta faɗa wa abu? Kafin gari ya waye labari ya kai Gusau, ya kai Tsafe, har an samu wanda ya ce an ga wuta a sama.

Yaya ya ce, "Baba fa?"

Nan dariyata ta tsaya cak. Gwaggo ta ce wanda ya kawo mata saƙo ya ce tun da Baba ya ji bai ci ba bai sha ba, ya ƙi shan maganinsa, ya ƙi yi wa kowa magana. Muka kalli juna. Ruwan da muka tsaya sha ba mu sha ba. Muka cusa Gwaggo a mota muka ce wa direba ya taka.

Sai da muka ratsa ta gidana a Gusau, don zuciyata tana kan yara. Maƙwabciyata, wata Kirista ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna, ashe tun da labari ya zo ta kwashe su zuwa ɗakinta, ta kunna musu talabijin, ta tsaya a ƙofa ta hana kowa shiga ya yi musu kuka. Ta ce ita sai ta ji daga bakin maigidana, wanda bai dawo daga Sakkwato ba. Da ta gan ni ta ɗaga hannu sama ta fara waƙar cocinsu tana juyi a tsakar gida, ta kama ni muka yi ta zagaye. Yaran suka fito da gudu, babu abin da suka sani, tambayarsu ɗaya ce, ina tsaraba. Da ta ji halin da Baba yake ciki sai ta ɗauko abin awon jininta ta ce mu je tare. Motar ta cika har Yaya yana zaune rabi a kan giyar mota.

A hanyar Bungudu muka yi ta shawarar yadda za a yi. Maƙwabciyata ta ce kada mu faɗo masa kwatsam, farin ciki ma yana kayar da mai hawan jini. Aka tsayar cewa mota za ta tsaya nesa da gida, Gwaggo ta shiga ita kaɗai ta fara shirya shi, ta ce an ji wani labari mai daɗi-daɗi, sannan a hankali a kai ga gaskiya. Gwaggo ta ce ta gane sarai. Muka maimaita mata har ta fara jin haushi.

Mota ta tsaya a bakin lungu. Muna hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune. Muka duƙa a cikin mota kamar ɓarayi, Inna tana rufe da mayafi. Gwaggo ta fita, ta yi tafiyarta a natse, ta kai tsakiyar tabarmi. Sai kawai ta yar da mayafi ta kwarma ihu, "Suna nan cikin mota! Har tsire sunka ci!"

Shirin da muka yi tun daga Gusau ke nan. Mutane suka taso kamar an watsa wa kaji tsaba. Aka kewaye motar, ana leƙe, ana kabbara, wani yana ja da baya wani yana turowa. Yaya ya fito aka ɗaga shi sama. Ni da Inna muka kutsa muka nufi zaure, don duk hayaniyar nan Baba bai fito ba.

Yana zaune a kan buzunsa, ya jingina da bango, carbi a hannu. Cikin kwana ɗaya ya zabge kamar wanda ya yi wata yana jinya. Ya ɗago ya dubi Inna. Ya daɗe yana dubanta. 

Ya ce, "Ke ce?"

Inna ta durƙusa ta ce, "Ni ce, Malam."

"An ce tsawa."

"Awo, ita ce. Ta shiga ta hanci ta fita ta wutsiya."

Baba ya dubi hancin Inna. Wallahi sai da ya dubi hancinta. Inna ta ce, "Ba nawa ba, na jirgin." Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka faɗuwa zai yi, na yunƙura, ashe dariya ce. Baba da ban taɓa jin sautin dariyarsa ya wuce zaure ba, ya yi ta yi har hawaye ya jiƙa gemunsa, daga nan ta juye kuka, ya kama hannun Inna a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba, ya riƙe ya ƙi saki. Maƙwabciyata ta lallaɓa ta ɗaura masa abin awo a ɗaya hannun. Ta ce jinin ya hau sosai, a kawo maganinsa yanzu. Ya karɓa ya sha ba musu, ya ce a ba shi fura.

Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ƙwaryar nono. Ta ce ita dai a al'adar da ta taras, duk abin da aradu ta taɓa sai an yayyafa masa nono kafin a kusance shi, don haka mu tsaya. Liman yana cewa a bar wannan, ba shi da asali. Inna ta miƙa hannu ta karɓi ƙwaryar kamar za ta taimaka, ta kafa kai ta shanye tas, ta goge baki ta ce, "Ya shiga ciki, ya fi."

Tuwon da aka ɗora don masu zaman makoki shi aka ci na walima. Waɗanda suka zo daga nesa da fuskar ta'aziyya suka rasa yadda za su yi da ita, sai ka ga mutum ya shigo yana "Allah ya jiƙan..." ya yi ido biyu da Inna tana miƙa masa dabino. Maigidana ya iso da yamma a gigice. Shi ya ji sanarwar har ƙarshe, ya kwana yana jiran jirgi, jirgi ya sauka babu mu, sannan a hanya ya ci karo da labarin mutuwarmu. Direban da ya kawo labarin kuwa ya zo ya tsuguna a gaban Baba yana ba da haƙuri. Baba ya ce ya tashi, ai ƙauna ce ta sa shi gudu, amma nan gaba idan ana magana ya riƙa bari a kai aya.

Baba ya yi kwanaki a kwance kafin ya warware, kuma maƙwabciyata ta gaya mini daga baya cewa da mun ƙara kwana a hanya, ba ta san yadda za ta kasance ba. Wannan ne abin da ya zauna mini bayan dariya ta lafa. Tsawar da muke tsoro tun muna yara ta same mu a tsakiyar sama, ta bar ɗan tabo a jikin fenti ta wuce. Rabin magana kuwa, a bakin mutumin kirki mai son mu, ta kusa kashe mana uba yana zaune a zaurensa. Tun daga ranar, idan aka kawo mini labari mai zafi, kafin in yi kuka, kafin in kai wa wani, nakan zaunar da mai maganar in tambaye shi ko ya tsaya ya ji ƙarshenta.